Katin Hoto a Umbadda: Kuɗin Kanti da Kuɗin Wuta

Duk wanda ya tashi haɗa kwamfutar wasa, ko don ɗakinsa ko don shagon da yara ke biya su buga ƙwallo, yakan zo wurin da dole ya tsaya ya yi dogon lissafi, wato wurin katin hoto, wanda 'yan kasuwar Umdurman ke kira kart shasha. Shi ne ya fi komai tsada a cikin akwatin, shi ne kuma ke zana duk abin da ido ke gani a allo, tun daga ciyawar filin eFootball har hayaƙin bindigar PUBG. Zaɓin da ke gaban mai saye kusan kullum iri ɗaya ne. Ga tsohon kati wanda a zamaninsa babu na biyunsa, ya sha aiki a hannun wani, farashinsa ya faɗo. Ga kuma sabo ko mai kusa da sabo, matsakaicin ƙarfi, kuɗinsa ya ɗara. Masu gwada kayan kwamfuta a Turai da Amurka sun daɗe da samun hanyar yanke wannan hukunci: su ƙirga hotuna nawa kati ke fitarwa a daƙiƙa ɗaya, su raba da dalar da aka biya, wanda ya fi yawa shi ya ci. Lissafin nan daidai yake a garin da wuta ba ta ɗaukewa, ɗaki kuma yana da sanyi. A Umbadda ya bar rabin kuɗin a waje. Abin da nake son kafawa a nan shi ne cewa a yammacin Umdurman wutar da kati ke sha da zafin da yake fitarwa su ne babban farashinsa, don haka ƙaramin kati na 'yan shekarun nan ya fi tsohon babban kati, ko da sun yi kunnen doki wajen ƙarfi, ko da kuma tsohon ya fi araha a kanti.

Sai an san wurin kafin a fahimci dalili. Umbadda na yamma da tsohon garin Umdurman, unguwanninta da ake ƙirgawa hara bayan hara sun miƙe har bakin hamada, kuma a ƙidayar 2008 mutanenta sun kusa miliyan ɗaya. A cikinta Suk Libya take, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin sari na ƙasar Sudan. Mutane ne daga kowace kusurwa ta ƙasar, har da Hausawa, waɗanda kakanninsu suka biyo hanyar hajji ko suka yi hijira zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Tun kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF, rabon wuta abu ne da aka saba da shi a lokacin zafi. Yaƙin ya mai da ƙarancin ya zama rashi. An kwashe wayoyi, an farke taransifoma don a cire jan ƙarfen da ke ciki. A Janairu 2025 jirage marasa matuƙa sun kai hari yankin madatsar Marawi, wadda aka buɗe a 2009 da ƙarfin megawat 1,250, kuma ita ce ƙashin bayan wutar ƙasar. A wannan watan ne matatar mai ta Jaili da ke arewa da Khartum ta kama da wuta. Sojoji sun ce sun karɓe Suk Libya a ƙarshen Maris 2025, amma a watan Mayu aka sake kai hari tashoshin wuta na Umdurman, jihar Khartum ta shiga duhu. Wanda ya dawo Umbadda yana son tada sana'a da kwamfuta, abin da zai dogara da shi farantin sola ne, da batir, da inbata, wani lokaci da janareta mai shan man da ya yi tsada. Kowane wat da zai ƙona, da kuɗinsa ya saye shi tun kafin ya kunna komai.

Akwai mai cewa, a garin da mutane ke neman ruwan sha da magani, wa ke da sukunin maganar wasan kwamfuta? Tambayar tana da nauyi, ban raina ta ba. Amma shagon wasa sana'a ce kamar shagon aski ko wurin cajin waya, iyali na ci daga gare shi, kuma katin da ke zana wasa da dare shi ne ke tace bidiyon biki da rana, shi ne ɗalibin zanen gini ke koyon aiki da shi. Yaran da suka yi shekara biyu suna jin ƙarar harsashi ba laifi ba ne su sami awa ɗaya da ba su tunanin komai sai ƙwallo. Saboda kuɗin da za a saka a wannan harka kaɗan ne kuma da wahala aka tara shi, shi ya sa ya cancanci a yi masa lissafin da ba ya yaudara.

Mu ɗauki katunan da sunansu. GTX 1080 Ti na kamfanin Nvidia ya fito a Maris 2017 a kan dala 699, da memori gigabait 11, kuma har yau masu wasa na ambatonsa da girmamawa don ya daɗe yana aiki. Wutar da aka ƙayyade masa wat 250 ce. RTX 4060, wanda ya fito a Yuni 2023 a kan dala 299, a yawancin wasanni yana yin aikin da ya yi kusa da na wancan, wani wuri ya ɗara shi, amma da wat 115 kawai. A ɓangaren kamfanin AMD, RX 580 na Afrilu 2017, wanda ya cika kasuwannin kayan hannu a Afirka da Gabas ta Tsakiya, yana shan wat 185, alhali RX 6600 na Oktoba 2021 ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba da wat 132. RTX 3080 na Satumba 2020, wanda yanzu ake samu a hannu da rangwame mai jan hankali, wat 320 yake nema. Bambancin ba daga wayon talla ya zo ba, daga masana'anta ya zo. Guntun da ke tsakiyar kati cike yake da ƙananan makunnai biliyoyi, kuma duk sanda masana'antu irin su TSMC ta Taiwan suka iya ƙanƙanta su, sai aiki ɗaya ya buƙaci wuta kaɗan. Katunan 2016 da 2017 an yi su ne da fasahar nanomita 16 da 14, na 2023 kuma da wadda ake lissafawa a ajin nanomita 5. Wannan shi ne ainihin abin da mai saye ke samu idan ya biya kuɗin sabunta. A ƙasar da wuta ke da araha ana ɗaukarsa ƙarin alheri ne kawai, shi ya sa masu sharhin can kan ambace shi a ƙarshen magana su wuce.

Ga abin da yake nufi a cikin gida. Tsakanin wat 250 da wat 115 akwai wat 135. Wanda ke wasa awa 6 a rana ya ƙona ƙarin wat-awa 810 kenan. Batirin da aka fi sani a gidaje, mai bolt 12 da amfiya-awa 200, a rubuce yana ɗauke da wat-awa 2,400, amma irin na dalma idan ana so ya yi ƙarko ba a zuƙe fiye da rabinsa, wato 1,200. Ke nan bambancin katunan nan biyu kaɗai ya cinye kashi biyu cikin uku na abin da batir guda zai iya bayarwa a dare, ba a ma sa asarar inbata a ciki ba. Wannan wutar ita ce ta fankar ɗakin tsohuwa, ita ce ta fitilar tsakar gida da cajin wayoyin kowa. A shago abin ya fi fitowa fili. Kwamfuta 5, awa 10 a rana, bambancin ya kai kilowat-awa 6.75. Farantin sola mai wat 550, a ranar Khartum mai ƙarfi, idan aka cire asarar zafi da ƙura da wayoyi, abin da zai bayar a yini bai cika wuce kilowat-awa 3 ba. Mai shagon da ya zaɓi tsofaffin manyan katuna ya ɗora wa kansa sayen ƙarin faranti biyu ko uku, da ƙarin batura don cinikin dare, wanda shi ne cinikin gaske, da inbata mafi girma. Sayen doki ba shi ne wuya ba, harawarsa ta kullum ita ce ke nuna ko mutum ya isa ya riƙe shi. Kuma batir ba abin da ake saye sau ɗaya ba ne. Wanda ake zuƙewa ƙarƙaf kowane dare a ɗaki mai zafi ba ya kai shekarun da aka rubuta masa, sai a sake fitar da kuɗi.

Za a ce ai kati ba kullum yake shan iyakar wutarsa ba, wasa mai sauƙi kamar eFootball ba zai sa 1080 Ti ya kai wat 250 ba. Gaskiya ne. Sai dai sabon ma haka yake, idan aiki ya yi sauƙi shi ma yana sauka, kuma yana sauka ne daga wuri mai ƙasa. Tazarar tana raguwa a adadi, ba ta ɓacewa. Akwai kuma kuɗin da ke ɓoye a akwatin wutar kwamfutar. Nvidia ta ba da shawarar mai wat 600 don 1080 Ti, mai wat 750 don 3080, kuma an san manyan katunan jerin RTX 30 da fizgar wuta farat ɗaya fiye da abin da aka rubuta musu, na ɗan ƙiftawar ido. Akwatin wuta mai arha ko inbata mai rauni ba ya jure wannan, sai kwamfuta ta mutu ana tsakiyar wasa. Wanda ya sayi babban kati da araha yakan gano cewa sai ya sauya akwatin wuta, a nan rangwamen ya fara narkewa.

Sai zafi, wanda a ganina ya ma fi wuta muhimmanci, don shi ne ke yanke wa kati kwana. Duk wat ɗin da kati ya sha, zafi yake komawa, babu inda yake zuwa sai cikin akwati sannan cikin ɗaki. Ana gwada katuna ne a ɗakunan da zafinsu bai wuce digiri 22 zuwa 25 ba. A Khartum da Umdurman zafin rana a watan Mayu da Yuni yana haura digiri 40 a kai a kai, ɗaki mai rufin kwano kuma yakan riƙe zafin har bayan magariba. Fanka da ƙarfen sanyaya ba sa ƙirƙirar sanyi, iyakarsu su riƙe guntu a wata tazara sama da iskar da ke kewaye. Katin da ya tsaya a digiri 70 a ɗaki mai 25, tazararsa 45 ce. Kai shi ɗaki mai 42, sai ya nemi 87. Yawancin katunan Nvidia an saita su su fara rage gudu da kansu idan sun kai wajen digiri 83 ko 84, don kada su ƙone. Ke nan ƙarfin da aka gani a jadawalin masu gwaji, wanda saboda shi aka sayi babban katin, ba zai samu cikakke ba a Umbadda da azahar. An biya kuɗin gudu, an biya kuɗin wuta, kati kuma ya taka wa kansa birki. Ƙaramin kati mai wat 115 zafin da yake fitarwa bai kai rabin na wancan ba, yana da sarari kafin ya isa iyakar.

Ƙura ce ke ƙarasa aikin. Habub, guguwar da ke tasowa kamar katanga ja ta rufe Khartum tsakanin Mayu da farkon damina, tana shiga ta kowace kafa, kuma ko ba ita, titunan Umbadda marasa kwalta suna tada ƙura duk shekara. Wanda ya taɓa cire kati daga kwamfutar da ta yi watanni a irin wannan ɗaki ya san abin da ake gani: siraran fayafayan alminiyon da iska ya kamata ta ratsa sun toshe da wani abu kamar auduga mai ruwan ƙasa, fukafukan fanka sun yi nauyi a baki, idan aka juya su da yatsa sai a ji ɗan karce a tsakiya inda ƙura ta shiga gindin. Kati mai shan wuta da yawa dole fankokinsa su yi gudu sosai, kuma yawan iskar da ya ja shi ne yawan ƙurar da ya tara. Sababbin ƙananan katuna da yawa fankarsu kan tsaya cak idan ba a wasa, wanda ke nufin awannin da ba a jan ƙura ko kaɗan.

Akwai kuma tarihin da tsohon kati ke ɗauke da shi wanda ba a rubuta a jikinsa ba. Daga 2017, sannan kuma daga ƙarshen 2020 zuwa 2022, an sayi katunan hoto da yawan gaske ba don wasa ba, don haƙar kuɗin intanet, musamman Ethereum. Ana jera su a kan katako ko ƙarfe, suna aiki dare da rana ba hutu. Ranar 15 ga Satumba 2022 Ethereum ta sauya tsarinta, haƙa da kati ta daina biya, sai katunan suka kwararo kasuwa ta China da Dubai zuwa ko'ina. RX 570 da RX 580 da GTX 1060 da katunan jerin 30 suna cikin waɗanda aka fi haƙa da su. Ba kowane katin haƙa ne ya lalace ba, wasu masu haƙar ma sun riƙa rage musu wuta don tsimi. Amma abin da ya fi wahala a wannan aiki shi ne memori da fanka, kuma su ne ba a gane lafiyarsu da kallo ɗaya. Alamun suna nan ga mai lura: bayan allon katin ya yi duhu ko ya yi rawaya daidai inda guntayen memori suke, wani maiƙo ya tsatso daga ƙananan katifun da ke ɗauke zafi, kan dunƙulen sukurori ya goge don an sha kwancewa, kwali sabo fil amma haƙoran zinaren da ke shiga allon kwamfuta sun sha shiga da fita. Akwai ma waɗanda ake sake wa fanka da murfi a sayar a matsayin sababbi, da wani RX 580 mai laƙabin 2048SP wanda a ƙarfinsa ya fi kusa da RX 570. Katin da ya ƙare ƙuruciyarsa a irin wannan aiki, sannan aka kawo shi ɗaki mai digiri 42, ba a ba shi dama ba.

Hujja mafi ƙarfi a kan duk abin da na faɗa ita ce ta aljihu, kuma ba zan yi kamar ƙarama ce ba. A Fabrairu 2021 gwamnati ta karya darajar fam daga 55 zuwa wajen 375 a kan dala ɗaya, a tsakiyar wannan shekara hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin ɗari, kuma tun 2024 dala ta wuce fam 2,000 a kasuwar bayan fage. Kati mai dala 300 a Dubai, kafin ya biyo ta Bur Sudan ko ta kan iyakar Masar ya iso Umdurman, an ɗora masa kuɗin hanya da kwastan da ribar hannu biyu ko uku. Wanda abin da ke cikin asusunsa na banki bai kai ba, gaya masa cewa sabo ya fi ba taimako ba ne. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma mai wannan ra'ayi zai ƙara da cewa garantin da ake taƙama da shi a kan sabon kati ba shi da amfani a nan, tunda babu ofishin kamfanin da za a mayar wa, ƙasar ma ta yi shekara ashirin, daga 1997 zuwa 2017, a ƙarƙashin takunkumin Amurka da ya hana irin waɗannan kamfanoni kafa ƙafa. Na yarda da batun garanti gaba ɗaya, kada kowa ya ƙara ko fam ɗaya saboda takardar da ba za a iya amfani da ita ba. Amma rashin garanti hujja ce a kan tsohon kati fiye da sabo, domin inda babu wanda zai canza maka, abin da ya rage shi ne ka sayi wanda ya fi nisa da mutuwa. Batun kuɗi kuwa, amsata ita ce ba a tsakanin sabo fil da tsoho tukuf kaɗai zaɓi yake ba. RX 6600 na hannu, ko GTX 1660 Super na Oktoba 2019 mai wat 125, ko ma GTX 1060 mai wat 120 idan an same shi da lafiya, duk suna bin ƙa'idar da nake karewa. Abin da nake hana mutum shi ne ya ɗauki ɗan kuɗinsa ya sayi kati mafi girma da kuɗin zai iya saye, don girman nan shi ne zai ci gaba da karɓar kuɗi a hannunsa kowane dare.

Hujja ta biyu ta masu ilmin abin ce, ita ce ta memori. RTX 3060 na Fabrairu 2021 yana da gigabait 12, RTX 4060 da ya gaje shi yana da 8, haka RTX 5060 na Mayu 2025 ma 8 ne. Wasu manyan wasanni na 'yan shekarun nan suna cika gigabait 8 idan aka ɗaga ingancin zane, sai wasa ya riƙa sarƙewa ko bango da tufafi su fito a dusashe. A nan tsohon ya fi sabon a fili, kuma masu sukar Nvidia a kan wannan rowa suna da gaskiya. Idan mutum aikinsa tace bidiyo mai nauyi ne, ko zanen gini mai sassa da yawa, ko yana da allo mai ƙuduri sama da 1080, to 3060 mai wat 170 zaɓi ne da zan amince da shi, tazarar wat 55 ba ta kai a yi faɗa a kanta ba. Amma a duba allon da ke yawancin shaguna da ɗakuna: 1080 ne, sau da yawa talabijin ce mai nuna hoto 60 a daƙiƙa. A kan irin wannan allo, rage ingancin zanen bango daga mataki na ƙoli zuwa na ƙasa da shi yana kawar da matsalar a mafi yawan wasanni, kuma yaron da ke bin ƙwallo da ido ba zai lura ba. Gigabait ɗin da ba a cika ba ba ya ƙara gudu ko kaɗan.

Masu tallan sabon kati su ma suna da hujjar da nake ganin an cika kambama ta, kuma adalci ne in faɗa duk da tana goyon bayana. Suna cewa tsohon kati ya kusa daina aiki. Akwai ƙamshin gaskiya: Nvidia ta daina fitar wa jerin GTX 10 sababbin direbobin wasa daga Oktoba 2025, sai gyaran tsaro kawai har 2028, kuma wasanni irin su Indiana Jones and the Great Circle na Disamba 2024 da Doom: The Dark Ages na Mayu 2025 ba sa tashi sam a katin da ba shi da sashen bin hasken haskoki, wanda ya fara zuwa da jerin RTX 20 a 2018. Amma waɗannan wasanni kowannensu yana neman a sauke gigabait da dama, a garin da aka yanke intanet gaba ɗaya a Fabrairu 2024 har mutane suka koma biyan kuɗin awa a wuraren intanet na Starlink. Abin da ake bugawa a zahiri shi ne ƙwallon eFootball da FC, da GTA V wanda ya zo kwamfuta tun 2015, da PUBG, da Counter-Strike, kuma kati na 2016 yana ɗaukarsu. Ba a Sudan kaɗai ba, a ƙididdigar duniya ta dandalin wasanni na Steam GTX 1060 ya riƙe matsayi na ɗaya shekaru da dama har zuwa ƙarshen 2022. Wanda zai sayi sabo don tsoron kada a bar shi a baya, ya sayi abu mai kyau a kan dalili mara ƙarfi, kuma irin wannan dalili ne ke kai mutum ga sayen sabon babban kati mai wat 300, wanda a Umbadda kuskure ɗaya ne da sayen tsohon babba, sai dai ya fi tsada.

Dole kuma a dubi akwatin da za a sa katin. Kwamfutoci da yawa da ake haɗa wasa da su tsofaffin na ofis ne, Dell OptiPlex ko HP, masu akwatin wuta ƙarami wanda ba shi da wayar da ake jona wa kati. Ramin da ake soka kati a allon kwamfuta yana ba da wat 75 da kansa, don haka katunan da ba su wuce nan ba, GTX 1050 Ti na 2016, GTX 1650 na 2019, da RTX 3050 mai gigabait 6 na 2024 wanda ke shan wat 70, suna shiga ba tare da an canza komai ba, in dai tsawo da faɗin akwatin sun ɗauke su. Ga mai batir ɗaya da faranti biyu, wannan aji shi ne ya fi dacewa, kuma a cikinsa ma na baya-bayan ne ya fi ba da aiki a kan wuta ɗaya. Sai a kiyaye abu biyu. Furosesa mai shekara goma ba zai iya ciyar da kati mai ƙarfi da aiki ba, katin zai riƙa jira, kuɗin da aka ƙara ya tafi a banza. Katunan Arc na Intel kuma, duk da B580 na Disamba 2024 ya zo da gigabait 12 a kan dala 249, suna buƙatar allon kwamfuta na zamani mai saitin Resizable BAR, in babu shi gudunsu yana faɗuwa sosai.

Wanda ya riga ya mallaki babban tsohon kati mai lafiya, ba na ce ya sayar da shi da asara ba. Manhajar MSI Afterburner kyauta ce, tana aiki da katunan Nvidia da na AMD, kuma a cikinta ana iya sauke iyakar wutar kati zuwa kashi 70 ko 75 cikin ɗari. Gudun da ake rasawa bai kai wutar da ake tsimi ba, domin kamfanoni kan tura katunansu har wurin da ƙarin gudu kaɗan ke cin wuta mai yawa. A ƙayyade wasa a hoto 60 a daƙiƙa idan allon bai wuce haka ba, don kada kati ya riƙa zana hotunan da ba wanda zai gani. A ɗaga akwatin daga ƙasa zuwa kan tebur, a sa siririyar raga a ƙofar iska, a busa ƙura duk bayan habub tare da riƙe fanka da yatsa kada ta juya. Man da ke tsakanin guntu da ƙarfen sanyaya yana bushewa bayan 'yan shekaru har ya farfashe kamar busasshen taɓo, kuma sabunta shi aikin rabin awa ne a wurin mai gyaran waya da ya iya hannunsa. Mai saye kuma, ko tsoho ko sabo, kada ya tura kuɗi sai an sa katin a kwamfuta a gabansa, an kunna wasa mai nauyi na minti 20 zuwa 30 da rana ba da sanyin safiya ba, yana kallon digirin zafi a gefen allo, yana sauraren fanka, yana duba ko ɗigo-ɗigo masu launi ko layuka za su bayyana a hoton, domin su ne alamar memori ya fara gajiya.